Ranar da Na-Sani Ya Yi Hayar Jif

Mijin yayata aski yake yi, kuma in dai askin ne ba ni da ta cewa, hannunsa na da kyau. Bakinsa ne matsalar. Duk abin da ka ɗauko za ka gaya masa, kafin ka kai tsakiya ya tare ka da "Na sani." Likita ya taɓa fara yi masa bayanin magani, ya ce na sani, ya dawo gida ya ɗiga na kunne a ido. Shi ya sa duk layinmu, babba da yaro, Na-Sani ake ce masa, shi ma har ya saba yana amsawa.

Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wato Innarmu. Surukai biyu gare ta. Mijin babbar yayarmu yana da akori-kura, shi ya sa muke ce masa Mai Akori, mutum ne da ba ya magana sai ta kama. In ya kai Inna asibiti ko ya kawo mata kaya, sai ta dubi ƴarta ta ce, "Allah ya yi masa albarka." Shi kuwa Na-Sani, shekara da shekaru, in ya zo gaisuwa ya gama zuba, Inna sai ta dubi Yaya, wato matarsa, ta ce, "Allah ya shirya." Ba ta taɓa canja masa addu'a ba. Wannan albarkar ita yake nema ido rufe, kuma kowa a gidan ya san haka.

Sai ga dama ta samu. Gwiwoyin Inna sun gaji da matakalar tsohon gidanmu, aka sama mata wani ƙarami a ƙasa, kusa da babbar yayarmu. Ana zaune ana tsara yadda za a kwashe kaya, Inna ta ce komai a zuba a akori, amma ban da kujerar babanmu. Kujera ce ta katako mai hannu biyu, wadda marigayi yake zama a kai kullum har hannayen suka yi santsi. Ta ce ba za a cusa ta cikin tukwane da bokitai ba.

Na-Sani ya gyara zama. "A bar mini Inna da kujerar. Jif zan kawo."

"Yaya, jif ɗin wa?" na tambaye shi, don shi ma Yaya nake ce masa.

"Auta, akwai abin da ake kira haya. Ke dai ki shirya ki raka ni, ki ga yadda manya ke harka."

Da safe muka isa wurin hayar motoci. Ya sha babbar riga da hula, yana ƙamshi kamar shagonsa ya fashe a jikinsa. Ma'aikaciyar wurin, wata mai fara'a, ta tambaye shi kaya zai ɗauka ko mutane.

"Duka."

"To da ka ɗauki waccan doguwar, don ƙaramar jif but ɗinta na zuba kaya bai da..."

"Na sani. Waccan ai motar raba burodi ce. Ni in je gaban surukata a motar burodi?"

Ta ce ko a sa ni a matsayin direba ta biyu, tunda ni ma ina da lasisi. Ya ce a sa don in ji daɗi, amma sitiyarin jif ba na yara ba ne. Ta fito da waya tana zagaya motar tana ɗaukar hoto, don a san inda yake da ƙarzuwa tun kafin mu fita. Gogan naka ya ɗauka shi ake ɗauka. Ya jingina da bonet, ya karkata hula, ta matsa gefe ya bi ta, ta koma baya ya riga ta isa.

"Ki turo mini na ukun nan," in ji shi, "ya fi fito da ni."

Ta miƙa masa wani ɗan baƙin abu mai maɓallai. "Wannan kada ka rabu da shi, saboda motar ba ta..."

"Na sani, na buɗe ƙofa ne." Ya jefa shi a aljihun babbar riga.

Ya shiga yana laluben inda ake zura makulli, bai samu ba. Ta ce ya taka birki ya danna wani maɓalli. Yana dannawa motar ta tashi. Ya dubi yatsansa, ya dube ni, idonsa ya yi ƙwal.

"Kin gani? Irin wayata ce. Ta ɗauki yatsana. Daga yau ba wanda zai tayar da ita sai ni."

"A'a, Malam, ba haka..."

"Na sani, ƴar'uwa, na sani. Sai mun dawo."

Gaskiya ɗaya ce, motar ta yi mini daɗi. Kana zaune a sama kana kallon rufin ƙananan motoci, sanyi na busa ka, ga ta ba ta da faɗin da za ta hana ka kurɗawa a lungu. Allurar mai kuwa ko motsi ba ta yi. Har na fara cewa a raina yau Na-Sani ya yi abin kai. Sai muka tsaya a danja, injin ya yi ɗif.

"Inna lillahi! Sun ba ni gawa!" Ya dafe kai. "Auta, fita ki tura!"

"Ni da sabon takalmina?"

Ya yunƙura zai fita da kansa. Yana ɗaga ƙafa daga birki motar ta farka, ta yi gaba kamar ba ita ba. Irin motocin nan ne da ke kashe kansu a tsaye don kada su sha mai, amma wa zai gaya masa? Ya cafke sitiyari, ya share gumi, ya yi gyaran murya.

"Ta ji muryata ne. Mota ma tana son a yi mata tsawa."

Mun shiga layinmu da hon tun daga bakin titi. Mai shayi ya bar tukunyarsa, tela ya fito da tef a wuya, mata suka leƙo ta taga. Akorin Mai Akori na tsaye an kusa cika ta, shi kuma yana gefe yana sakace.

Mai shayi ya zagaya motar ya ce, "Na-Sani, wannan jif ce ko ƴar jif?"

"Ba ta gama girma ba," in ji tela. "A ba ta abinci mai kyau, baɗi war haka ta zama jif."

"Ku yi ta surutu. Wannan da kuke gani, dutse take hawa, kogi take ratsawa. Kuma ba ta san kowa ba sai ni. Kai mai shayi, shiga ka tayar da ita in ka isa."

Ya kashe ta ya fito. Mai shayi ya zura hannu ta taga ya danna maɓallin, ƙafarsa na waje balle ta taka birki. Rediyo ya kama, fitilu suka kawo, injin ko tari bai yi ba. Tela ma ya gwada, haka. Na-Sani ya shiga a hankali, ya ɗaga yatsa sama kowa ya gani, ya hura masa iska, ya danna. Motar ta tashi. Layi ya ɗauki sowa, har da masu tafi. Daga nan kansa ya ƙara girma, hular ma da ƙyar take zaune.

Ya bar ta a kunne don sanyi ya taru, aka fito da Inna. Ta saba in za ta shiga ƙaramar mota sai ta durƙusa tana salati, in akori ce kuwa sai an ɗaga ta. Wannan tana juyawa kawai ta zauna. Ta shafa gwiwarta, ta dubi Yaya.

"Wannan ba ta wahalar da ƙafa. Ki ce wa mijinki..."

Na-Sani ya miƙa wuya, ya daina numfashi.

"...ina kujerar babanku?"

Aka kawo kujera. Ya buɗe but da taƙama, sai muka ga ɗan wuri wanda in ka sa akwati biyu ka gama. Ya sa kujerar ta ƙafa, ta ƙi. Ya juya ta ta kai, ta ƙi. Ya kwantar da ita, hannu ɗaya ya leƙo waje.

"A kwantar da kujerun baya mana," in ji tela.

"Mu kuma mu zauna a ina?" in ji Yaya. "A aljihunka?"

Mai Akori ya cire sakace daga baki. "Akwai wuri a gaba wajena."

"Ba ta shiga akori!" Na-Sani ya faɗa har da buga ƙafa. "Sama za ta hau, kamar yadda ake yi a ƙasashen da aka ci gaba."

Gumi ya jiƙa shi, ya tuɓe babbar rigar. Daidai nan Mai Akori ke neman tsumman da zai naɗe madubin Inna kada ya fashe. Na-Sani ya ga wata hanyar burge suruka, ya ɗaga murya yadda za ta ji ta cikin gilashi.

"Ga rigata! Madubin Inna ya fi riga. Naɗe shi da ita!"

Aka naɗe madubi, aka sa a akori, Mai Akori ya tayar ya kama hanya. Yana karya kwana motarmu ta fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, wani rubutu ya fito a gaban sitiyari da hoton ɗan makulli yana ƙiftawa.

"Yaya, tana nuna hoton makulli fa," na ce.

"Na sani. Tana tuna mini ne cewa ba ta buƙatarsa."

Ni da Yaya muka shiga baya, Inna na gaba. Aka shimfiɗa bargo a rufin don kada fentin mutane ya ƙarzu, don tun da ya ji cewa duk ƙarzuwa a wuyansa take, ko ƙuda ya sauka a motar sai ya kore shi. Aka ɗora kujera. Rufin ba shi da abin ɗaure kaya, sai ya sa muka sauke gilasai, ya zura igiya ta wannan taga ta fito ta waccan, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ƙulle tam. Ya tafa hannu, ya kama ƙofarsa zai buɗe. Ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya ɗaure mu a ciki, ya ɗaure kansa a waje.

Mai shayi ya riƙe ciki. "Yanzu kuma yatsan ne zai buɗe?"

"Dama haka na tsara, don tsaron Inna."

Ta taga ya shigo, kai a gaba, ƙafafu na harbin iska, tela na tura shi ta baya. Hularsa ta faɗa cinyar Inna. Ta ɗauke ta da yatsu biyu ta miƙa wa Yaya ba tare da ta dube shi ba.

"Allah ya shirya," in ji ta.

Wannan kalmar ce ta ƙona shi. Ya ƙudura sai ya riga Mai Akori isa sabon gida, ko banza a ce jif ta fi akori. A bakin titi, maimakon ya bi kwalta, sai ya karya ta bayan kasuwa, inda ake wankin motoci, hanyar da ruwan sabulu da na sama suka haɗu suka yi taɓo baƙi ƙirin.

"Maigida, ka bi titi," in ji Yaya.

"Titi na masu ƙananan motoci ne. Jif aka ce miki."

"Yaya, ƙaramar jif fa, kamannin kawai gare ta," na ce.

"Na sani!"

Ya taka totur. Motar ta shiga da ƙarfinta, ta yi tsakiya, ta yi wani nishi, ta zauna. Tayoyin gaba na juyawa suna feshin laka, na baya ko oho. Ya ƙara takawa, muka ƙara nutsewa. Masu wankin mota suka ajiye soso, masu tireda suka fito, ƴan babur suka faka suna kallo kyauta. Wani ya ce a sa katako, wani ya ce a sa baya, wata mai sayar da lemo ta ce a sauke tsohuwa tukuna.

"Ba ta saukuwa," in ji Yaya ta taga. "A ɗaure muke."

Na-Sani ya ɗaga wa taron hannu. "Ku kwantar da hankali. Wayata ma in ta rikice kashe ta nake yi in kunna. Bari ta huta ta dawo da ƙarfinta."

Ya danna, injin ya mutu, sanyi ya ɗauke. Ya jira kaɗan, ya ɗaga yatsa sama kamar ɗazu, ya hura masa iska, ya danna.

Shiru.

Ya goge yatsan a singileti, ya danna. Ya lasa, ya danna. Ya gwada babban yatsa, ya gwada ɗan ƙaramin, ya koma hannun hagu ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi mata tsawa irin ta danja. Hoton makullin nan dai na ta ƙifta masa ido.

"Ta manta ka ne?" in ji wani mai wankin mota.

"Laka ce ta ɓata mata hankali!"

Na gaji, na kira ma'aikaciyar nan, na buɗe lasifikar waya na miƙa masa. Kowa a wurin ya kasa kunne.

"Ƴar'uwa, motarku ta daina gane yatsana."

"Yatsa kuma? Malam, ina makullin?"

"Wane makulli? Ai ba ta da makulli."

"Ɗan baƙin abin da na ba ka, na ce kada ka rabu da shi. In ba ya cikin motar, ko wa ya danna ba za ta tashi ba. In yana ciki kuwa, ko da gwiwar hannu ka danna za ta tashi."

Ya shafa ƙirji, ya shafa cinya, babu aljihu sai singileti. Na ga lokacin da ya tuna. Bakinsa ya buɗe zai ce abin da ya saba cewa, a karon farko a rayuwarsa kalmar ta maƙale.

"Yana cikin rigar," in ji Yaya a hankali. "Rigar na jikin madubi. Madubin na cikin akori."

Dariyar da aka yi a wurin nan, har mai lemo sai da ta zauna a ƙasa. Ni kaina hawaye nake yi, ina dukan kujera. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Idonta na sama, wajen rufin da kujerar babanmu take.

Yaya ta kira Mai Akori a waya, ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo da akorinsa da baya da baya, babbar rigar na rataye a kafaɗarsa. Ya miƙo mini makullin ta taga, ya ɗaura igiyar ja a gaban motar. Na-Sani ya fita ta inda ya shigo, ya dira cikin taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi ba sallama. Ya ce shi zai tura ta baya, don turi ma sai wanda ya san kan jif. Ni na tsallaka na zauna a mazaunin direba, na taka birki na danna da ɗan yatsana da ba a yi wa rajista ba. Ta tashi. Taron ya sake fashewa.

Akori ta ja, na taka, motar ta fizgo gaba da ƙarfi. A nan ne igiyar Na-Sani ta nuna irin ƙullin da aka yi mata. Na ji ƙuuu a saman kaina, bargo ya zame, kujerar ta yi baya.

"Kujerar babanku!" Inna ta ƙwala ihu. Tun rasuwar Baba ban ji muryarta ta fita haka ba.

Na duba madubi. Na-Sani na tsaye a tsakiyar taɓo, tayoyin sun yi masa feshi tun daga goshi har ƙasa, ido kawai ake gani. Ya ga kujera na zuwa. Kowane mai hankali gefe zai yi tsalle. Shi sai ya buɗe hannu ya sa kai. Ta sauka a kansa da wani sauti, ƙum, ya yi tangaɗi gaba, ya yi baya, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, amma hannayensa na sama. Ko ɗigon laka bai taɓa katakon ba.

Nan take wurin ya kaure da tafi.

Mai Akori ya ce a kawo ta ya sa a gaba wajensa. Inna ta ce a'a, kujerar nan ta gama hawa mota. Na-Sani, daga ƙarƙashin kujerar, da ƴar siririyar murya, ya ce shi zai kai ta.

Haka muka isa sabon gida. Shi a gaba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, singileti ya koma baƙi, kujera a ka. Ni a bayansa ina tuƙa ƴar jif a hankali, sanyi na kaɗa mu, ina ɗan taɓa masa hon in ya rage sauri. Akori na bin mu, ƴan babur na bin akori, yaran bayan kasuwa na bin kowa. Har mai shayi da tela labari ya kai musu, muka same su a ƙofar gidan suna jira.

Ya shiga falo ya sauke kujerar a inda Inna ta nuna da sanda. Ya koma bakin ƙofa ya tsuguna, laka na ɗiga daga haɓarsa, wani ƙulu ya taso masa a tsakiyar kai. Ban taɓa ganinsa shiru haka ba, har tausayinsa ya kama ni.

Inna ta zagaya kujerar, ta duba ƙafafun, ta shafa hannayen nan masu santsi. Ta zauna a kai ta yi ajiyar zuciya, ta goge ido da gefen mayafi. Sannan ta dubi Yaya.

"Ki ce wa mijinki motar tasa ba ta da wani amfani sai sanyi da sauƙin hawa. Shi ya fi ta ɗaukar kaya." Ta ɗan tsaya. "Allah ya yi masa albarka."

Yaya ta rufe baki da hannu. Mai Akori ya cire sakace ya ce amin. Na-Sani ya ɗago kai a hankali, haƙoransa suka bayyana farare tas a cikin baƙar laka, ya dubi mai shayi, ya dubi tela, ya tabbatar duk sun ji.

"Yaya," na ce, "Inna fa ta sa maka albarka."

Ya shafa ƙulun kansa, ya gyara tsugunno.

"Na sani," in ji shi. "Dama haka na tsara."